Mabuɗi a Kafaɗa: Darasi Daga Annabcin Ishaya

A wannan wata bari mu buɗe Ishaya 22:15-25, mu duba mutum biyu da suka riƙe aiki ɗaya a zamanin sarki Hezekiya.

Na fari Shebna ne, wakilin gidan sarki a Urushalima. Sa'anda Assuriyawa su ke barazana ga ƙasar Yahuda, shi kuwa yana sassaƙa wa kansa kabari a bisa dutse, yana fahariya da karusansa. Ubangiji ya aiko Ishaya ya faɗa masa za a tuɓe shi. A shekara ta 1870 aka sami rubutu a ƙofar wani kabari a Silwan, kusa da Urushalima, na wani wakilin gidan sarki. Sunan ya karye, amma masana da yawa suna tsammani na Shebna ne.

Na biyu Eliyakim ɗan Hilkiya, wanda Allah ya kira bawansa. Aka alkawarta masa riga da ɗamara da mabuɗin gidan Dauda. Mu lura, a kafaɗa za a ɗora mabuɗin, wurin da a ke ɗaukar kaya. Aka kuma ce zai zama uba ga mutanen birnin. Babba juji ne, in ji mutanenmu. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, da Sennakerib ya aiko Rabshakeh da maganar reni, Eliyakim ne ya fita ya tarye shi, Shebna kuwa ya koma magatakarda. Eliyakim ya komo wurin sarki da tufafi a yage, daga nan aka aike shi wurin Ishaya neman addu'a (Ishaya 36 da 37).

Amma akwai gargaɗi. An kwatanta Eliyakim da maratayi da aka kafa a wuri mai ƙarfi, dukan danginsa za su rataya a kansa kamar ƙoƙuna da tuluna. Aya ta 25 ta nuna maratayin zai karye, kayan su zube. Wannan ya shafe mu. Ma'ajin da ke riƙe da mabuɗin akwatin baiko, in ɗan'uwansa ya zo da kukan bashi, me zai yi? Dattijon da za a yi shari'ar ɗansa a gaban ikilisiya, ina zai tsaya? Mutum mai aminci ma yana iya faɗuwa ta wurin nauyin dangi.

Saboda haka ba mu dogara ga ɗan adam ba. Ruya ta Yohanna 3:7 ta nuna mana Yesu Almasihu ne ke riƙe da mabuɗin Dauda, shi wanda ya wanke ƙafafun almajiransa. Kowane mabuɗi da ke hannunmu aro ne, za mu kuwa ba da lissafinsa.

Mu tambayi kanmu: kabari mu ke ginawa domin sunanmu, ko kayan jama'a mu ke ɗauka? Mu yi addu'a kuma domin shugabanninmu, mu rage musu nauyi.