Mai-bi da Sabuwar Dokar Shara

Karatu: Kubawar Shari'a 23:12-14, Yohanna 6:5-13, Romawa 13:1-7.

'Yan'uwa cikin Kristi, darasinmu na wannan wata a kan shara ne. Kada wani ya ce wannan ba zancen ekklesiya ba ne, gama Littafi Mai-tsarki bai raina shi ba.

1. Abin da ya sake

A zamanin kakanninmu shara ba abin tsoro ba ce. Toka, ɓawon gyaɗa, ganyen da aka naɗe abinci da shi, kashin awaki, duk su kan ruɓe. Manoman kewayen Kano su kan shiga birni da jakuna, su kwashe juji su kai gona. Amma leda da roba ba su ruɓewa kamar ganye. Akuya ta ci leda ta mutu. Leda ta toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, zazzaɓi ya shiga gida. A 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Akara, a ƙasar Gana, mutane wajen 150 suka mutu. Kwatocin da shara ta toshe suna cikin sanadin ambaliyan nan.

Saboda haka hukumomi suka soma sake doka. Ruwanda ta hana leda a 2008, Nijar ta kafa tata doka a 2014, Kenya ta bi a 2017. A Janairu 2024 Jihar Legas ta hana farin mazubin nan mai-kama da soso wanda a ke sayar da dafaffen abinci a ciki. Daga 1 ga Yuli 2025 kuwa ta soma tilasta hanin siririyar leda, da cokula da kofunan roba waɗanda a ke yarwa bayan amfani ɗaya. Shara ce ta sake, shi ya sa doka ta sake.

2. Abin da Littafi ya koya

Musa ya umurci Isra'ila su keɓe wuri a bayan sansani, kowa ya riƙe abin tona ƙasa domin ya rufe ƙazantarsa. Dalilin da ya bayar ba tsoron duba-gari ba ne, amma domin Ubangiji yana tafiya a tsakiyarsu.

Sa'anda Yesu ya ciyar da mutum 5,000, ya sa almajirai su tattara gutsattsarin da suka rage, suka cika kwando 12. Shi wanda ya ke da ikon yawaita gurasa bai yarda da ɓarna ba. Balle mu?

Bulus kuma ya ce mu bi masu-mulki saboda lamiri, ba don gudun horo kaɗai ba. Wanda ya ke tsoron tara kawai, shi ne ya kan jira dare ya yi, ko ruwan sama ya sauko, ya juye kwandonsa cikin kwata. Ya ce ya rabu da shara. Bai rabu da ita ba, ya aika wa maƙwabcinsa ne na gangare. Ran Lahadi kuwa su zauna a benci ɗaya, su ci Jibin Ubangiji tare. Wannan ƙauna ce?

3. Abin da za mu yi

Mu raba shara kashi uku tun daga gida. Abin da ya ke ruɓewa, a haƙa masa rami ya zama taki. Gwangwani, ƙarfe, kwalba da gorar roba, a tara su cikin buhu dabam domin 'yan gwangwan, gama da wannan su ke ci da iyalinsu. Mu daina kallonsu kamar ɓarayi. Sauran kuwa a ajiye shi a rufe har ranar kwasa, ko a kai inda hukuma ta nuna. Kada a ƙone leda a tsakar gida, hayaƙinta yana cutar ƙirjin yara.

Gaskiya ne irin dokan nan tana da nauyi a kan talaka. Mai-ƙosai da mai-tuwo ba su da ribar sayen mazubi mai-tsada. Nan ne ekklesiya za ta taimaka. Bari mai-saye ya tafi da kwanonsa kamar dā. Bari zumuntar mata ta ɗinka jakunkunan cefane da ragowar yadi. Bari dattawa su duba filin majami'a bayan biki ko babban taro, gama arna da Musulmi suna karanta wa'azinmu a bakin ƙofarmu tun ba su ji shi a ciki ba.

Tambayoyi

1. Ina sharar gidanka ta kan ƙare, a ƙofar wa?
2. Don me Musa ya haɗa tsabtar sansani da zaman Ubangiji a ciki?
3. Mene ne ekklesiyarku za ta soma yi kafin damina?

Allah ya ba mu zuciya mai-tsabta, da gida mai-tsabta. Amin.