Telebijin a Mota da Zangon Wucin Gadi: Abin Yi Idan Hoto Ya Yi Rauni

Mutane da yawa a ƙasar nan sana'arsu ba ta barin su su zauna wuri guda. Akwai ma'aikatan hanya masu kwana cikin kwantena, da direbobin manyan motoci, da fataken citta da na hatsi, da ma'aikatan lafiya masu zagaya ƙauyuka. A Amurka da Turai har motoci ake ƙerawa masu ɗaki da gado da madafa, mutum ya yi ta yawo da gidansa. Dukan waɗannan kukansu ɗaya ne game da akwatin telebijin: jiya hoto tas, yau an sake zango sai hoto ya ɓace.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce, domin ta telebijin ne ake jin sanarwar rigakafi da ta zaɓe da hasashen damina. Wani kuwa sai ya zargi akwatinsa, ya kashe kuɗi wurin mai gyara ko ya sayi sabo, alhali kuwa akwatin lafiyarsa ƙalau. Galibi laifin yana ga wurin da aka tsaya, ko eriya, ko waya, ko wuta. Manufar wannan darasi ita ce a nuna yadda za a bi su ɗaya bayan ɗaya kafin a taɓa aljihu. Za mu ɗauki Fadan Kaje da kewayen Kafanchan a kudancin Jihar Kaduna su zama misali, saboda ƙasa ce mai duwatsu da itatuwa, kuma nesa da manyan tashoshi.

Tsohon tsari da sabon tsari

An fara watsa shirye-shiryen telebijin a Nijeriya a Ibadan a 1959, Kaduna ta biyo baya a 1962, sa'an nan aka kafa Hukumar Telebijin ta Ƙasa, watau NTA, da dokar 1977. A tsohon tsarin da aka fara da shi, idan sigina ta yi rauni sai hoto ya cika da yayyafi kamar an watsa masa tsaki, amma duk da haka ana iya gane fuskar mai karanta labarai.

A 2006 ƙasashe suka yi yarjejeniya a Janiba cewa za a koma sabon tsari na dijital. A Nijeriya an ƙaddamar da shi a Jos cikin Afrilu 2016, a Abuja cikin Disamba 2016, a Kaduna cikin Disamba 2017, a Legas da Kano kuma cikin 2021. Halin sabon tsarin dabam ne. Muddin sigina ta kai wani mizani, hoto garau yake. Da zarar ta gaza kaɗan, sai hoto ya daskare, ya farfashe gida-gida, murya ta riƙa yankewa, daga nan ya ɓace ɗungum. Saboda haka kada mai kallo ya ɗauka babu sigina sam don ya ga baƙin allo. Mai yiwuwa abin da ya rage ɗan kaɗan ne, ɗaga eriya mita ɗaya ya isa ya cike shi.

Yadda sigina take tafiya

Siginar rediyo mai gajeren zango takan tashi sama ta dawo ƙasa a wata nahiya, shi ya sa ake kama tashoshin nesa cikin daji. Ta telebijin ba haka take ba. Sabon tsarin yana amfani da zangon da ake kira UHF, wanda tafiyarsa ta fi kama da ta haske: miƙe yake tafiya, dutse yana tare shi, gini da ganye suna rage masa ƙarfi, lanƙwasar doron ƙasa kuma tana yanke shi.

Bisa ga lissafin masana, a shimfiɗaɗɗen fili hasumiya mai tsawon mita 100 tana hangen kimanin kilomita 41. Eriyar da aka ɗaga mita 4 takan ƙara wajen kilomita 8 a kan haka, wadda aka ɗaga mita 9 kuwa wajen kilomita 12. Bayan wannan iyaka sigina ba ta yankewa nan take, amma tana raguwa da sauri.

To, mu duba Fadan Kaje, wadda take kusa da Zonkwa a Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf. Kaduna tana arewa maso yamma da ita, Abuja tana kudu maso yamma, kowacce kuwa nisanta a miƙe ya haura kilomita 100. Jos tana gabas, ta ɗan karkata arewa, nisanta bai kai nasu ba, kuma tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. Saboda haka matafiyin da ya sauka a wannan yanki, can ya kamata ya fara juya eriyarsa. Amma wanda ya yi zango a gindin duwatsun Kagoro, gabas da Kafanchan, ya shiga inuwar dutse ke nan, ko da ya fi na Fadan Kaje kusa da tashar.

Mataki na ɗaya: a tambaya, a duba

Tambaya ba ta ɓata tafiya. Da isa sabon wuri, a duba rufin gidaje. Idan akwai eriyoyi, a lura da inda suka fuskanta, da tsawon sandunansu, da kuma ko ƙarafan eriyar a kwance suke ko a tsaye, sai a yi koyi da su. Idan kuwa ba a ga komai ba sai faifan tauraron ɗan adam, wannan alama ce cewa mutanen garin sun riga sun gwada eriya sun haƙura. A kuma tambayi maƙwabta ko tashar tana aiki a ranar, domin tasha ma takan tsaya saboda rashin wuta ko gyara.

Mataki na biyu: a sake neman tashoshi

Kowace tasha da layin da take watsa shirye-shiryenta a kai. Dikodar da ta haddace layukan Kaduna ba za ta kama na Jos ba sai an sa ta ta sake nema. Wajibi ne a yi haka duk lokacin da aka sake zango. A tabbata kuma akwatin ko dikodar mai karɓar tsarin DVB-T2 ce, domin shi Nijeriya ta zaɓa. Akwatin da aka shigo da shi daga Amurka an yi shi ne don wani tsari dabam, ba zai kama ba sai an haɗa masa dikoda. Har wa yau, idan dikodar ta biyan kuɗi ce, a duba ko wa'adin bai ƙare ba.

Mataki na uku: a fitar da eriya, a ɗaga ta

Jikin mota da na kwantena ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana tare sigina. Ƙaramar eriyar da ake ɗorawa bisa akwati ba ta da wani amfani a cikinsu. A fitar da eriya waje, a ɗaura ta a kan gora ko bututu mai ƙarfi, ta zarce rufin motar sosai. A wuri mai nisa da tasha, eriya mai kama da ƙayar kifi ta fi mai kama da faranti, domin tana tattara ƙarfinta wuri guda. Ɓangaren gajerun ƙarafa shi ke fuskantar tasha.

Wurin tsayawa ma abin lura ne. Inuwar mangwaro tana da daɗi, amma ganye, musamman jiƙaƙƙe, yana shanye sigina. Shi ya sa eriyar da ta yi aiki da rani takan gaza da damina. A nemi tudu, a guje wa kwari da bakin rafi. Wani lokaci matsar da mota taku goma ya fi sayen sabuwar eriya.

Mataki na huɗu: a juya sannu a hankali

A cikin jerin umarnin kowace dikoda akwai shafi mai nuna layuka biyu: ɗaya na ƙarfin sigina, ɗaya na ingancinta. Na inganci shi ne abin dogara. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya yana juya sanda, ɗaya yana duban allo. A juya kaɗan, a dakata kamar daƙiƙa biyar, domin dikoda ba ta amsawa nan take. Mai gaggawa yakan wuce wurin da ya dace bai sani ba. A ƙasa mai duwatsu akan yi dace sigina ta bugi wani dutse ta dawo, don haka a zagaya da eriya ko'ina kafin a yanke ƙauna. In an sami wurin, a ɗaure sanda tamau, a yi mata alama.

Mataki na biyar: waya da mahaɗa

Nan ne laifi ya fi ɓuya. Ko waya mai kyau, irin wadda ake kira RG6, takan cinye kusan rabin ƙarfin sigina a kowace mita 15 zuwa 20. Saboda haka kada a bar ragowar waya a nannaɗe, a yanke daidai buƙata. Na'urar raba waya ga akwatuna biyu ita ma tana raba ƙarfin biyu.

A mota, jijjiga tana kwance mahaɗa, ƙofa tana matse waya, ɓera yana gaigayar ta. A bi wayar da hannu daga sama har ƙasa. A kwance kan wayar a duba: idan an ga tsatsa ko kore-kore, ruwa ya shiga, sai a yanke wurin a sake ɗaura sabon kai. A lura kada ko silin ƙarfe ɗaya na ragar waje ya taɓa jan ƙarfen tsakiya. A naɗe mahaɗar waje da tef, a kuma bar waya ta ɗan sauko ta yi lanƙwasa kafin ta shiga ɗaki, don ruwan sama ya ɗiga ƙasa.

Mataki na shida: wuta da busta

Batirin da ya yi sanyi yakan sa dikoda ta riƙa mutuwa tana tashi. Janareta, da inbata, da cajar wayar hannu, da ƙwan fitila mai araha, duk suna iya fitar da hayaniyar lantarki mai dagula sigina. Gwajin mai sauƙi ne: a kashe su ɗaya bayan ɗaya ana duban layin inganci. Wanda aka kashe layin ya tashi, shi ne mai laifi, sai a nisanta shi da wayar eriya.

Busta kuwa ba ta ƙirƙirar sigina inda babu. Abin da eriya ta kamo shi take ƙarawa, mai kyau da marar kyau. Amfaninta shi ne cike hasarar doguwar waya, don haka kusa da eriya ake ɗaura ta. Bustar da ba ta samun wuta toshe hanya take yi, gara ma babu ita. Kusa da tasha, ko kusa da hasumiyar kamfanin waya, takan cika ta batse har hoto ya lalace. In ana shakka, a cire ta a gwada.

Idan duk an bi waɗannan matakai ba a dace ba, a ari akwatin wani ko dikodarsa a gwada da wannan eriya. In na aro ya kama, to, lokacin zuwa wurin mai gyara ya yi. In shi ma bai kama ba, wurin ne ba ya samun sigina, sai a koma ga faifan tauraron ɗan adam, wanda sama yake kallo. Shi ma sai an sake saita shi a kowane zango, kuma ruwa mai ƙarfi yakan ɗauke hotonsa na ɗan lokaci.

Gargaɗi: rai ya fi hoto

Kafin a ɗaga sanda, a ɗaga kai. Manyan wayoyin wuta da ke bin gefen hanya suna ɗauke da bolt 11,000 ko 33,000, wutar kuwa tana iya tsallakowa tun sanda ba ta kai ga taɓa su ba. Ɗanyar gora ko jiƙaƙƙiya ita ma tana ɗaukar wuta. A kafa sanda inda ko ta faɗi ba za ta kusanci waya ba.

Kudancin Kaduna ƙasar ruwa ce da tsawa, daga wajen Afrilu har Oktoba. Idan hadari ya taso, a zare wayar eriya daga akwati tun da wuri, kada kowa ya hau rufi ko ya riƙe sanda. Wanda zai daɗe a wuri ya sa ma'aikacin lantarki ya haɗa sandar da turken ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa.

Kada a kunna janareta cikin mota ko kwantena, ko a bakin taga. Hayaƙinsa yana da guba marar wari mai kashe mutum cikin barci. A sauke eriya kafin mota ta tashi. Direba kuma kada ya kalli telebijin yana tuƙi.

Ana roƙon masu unguwanni, da malaman makaranta, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa, su karanta wa jama'arsu wannan bayani, musamman sashen gargaɗi. Wanda ya iya kuma ya koya wa ɗan'uwansa.