Darasin Lafiya: Ciprofloxacin Ba Maganin Kowane Zazzaɓi Ba Ne

'Yan'uwa manoma, da damina ta faɗi zazzaɓi yakan yi yawa a Farin Dutse da ƙauyukan Gwaram. Mutum ya ji jikinsa ya yi zafi, sai ya ce taifot ne, ya aiki yaro kemis a sayo masa "sifro" ƙwaya huɗu. Cikakken sunan maganin nan ciprofloxacin. Danginsa su ne ofloxacin da levofloxacin.

Magani ne mai ƙarfi. Likita yakan ba da shi don taifot, da atuni mai jini, da wasu cututtukan mafitsara. Amma ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ba ya warkar da mura. Saboda haka a fara da gwajin jini a asibiti. Idan ciwon ya ƙi, a tafi Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu.

Dangin nan ba abin wasa ba ne. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada ɗaya daga cikinsu, Trovan, a kan yara a Kano. A 1999 ƙasashen Turai suka dakatar da shi don yana lalata hanta. Sifro bai kai shi haɗari ba, amma yana da nasa.

Abin da ya fi shafar manomi shi ne agara, wato jijiyar da ke bayan diddige. Maganin yakan sa ta kumbura, wani lokaci ta tsinke. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta wannan gargaɗi a takardar maganin. Wanda ya wuce shekara 60, da mai shan prednisolone ko dexamethasone, su suka fi shiga haɗarin. Idan kana sha, ka ji ciwo a agara ko jin kamar kiyashi na tafiya a ƙafa, ka daina, ka ajiye fartanya, ka koma wurin likita ran nan. Agara in ta tsinke ana cikin noman farko, gonar bana sai dai 'yan ƙodago. Mai ciki, da mai farfaɗiya, da mai ciwon sukari su faɗa wa likita tun kafin ya rubuta. Yaro kuwa, likita kaɗai zai yanke.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Kada a haɗiye shi da fura da nono ko madara. Nono yana kama maganin a cikin hanji, jiki ya sami kaɗan. Haka ma maganin ƙwannafi da ƙwayar ƙarin jini. A sha sifro da ruwa mai yawa, awa 2 kafin waɗannan, ko awa 6 bayansu. A cika kwanakin da aka rubuta ko da an ji sauƙi.

Masu kiwon kaji, ku ma da ku ake. Enrofloxacin da ake zuba wa kaji a ruwan sha ɗan gidan nan ne. Yawan ba su shi yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, daga baya su kama mutum, sifro ya kāsa. Don haka Amurka ta hana ba kaji shi a 2005. A nemi malamin dabbobi kafin a zuba, kuma kada a sayar da ƙwai ko a yanka kazar sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar sun cika.