Fitilar Zamani: Daga Ina Farin Haskenta Ya Fito?

A kasuwannin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, fitila mai batir ko mai cajin rana ta kusa korar aci-balbal da fitilar ƙwai. Ba ta da lagwani, ba ta shan kananzir. Abin da ke cikinta wata ƴar ƙwaya ce kamar ta gero, ana ce mata LED. Da wutar batir ta ratsa ta, sai ta ba da haske.

Tun 1962 aka ƙera mai jan haske a Amurka. Daga baya aka samu rawaya da kore. Shuɗi mai ƙarfi ne ya gagari masana wajen shekara 30. A 1989, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya, a Japan, suka gano hanyar sarrafa wani sinadari mai suna galiyam naitaraid. A 1993 Shuji Nakamura ya fitar da ƙwaya mai shuɗin haske sosai daga sinadarin nan. A 1996 aka lulluɓe ta da wani gari mai ba da rawayan haske. Shuɗi da rawaya suka gauraya, ido ya ga fari. Su ukun sun samu kyautar Nobel a 2014.

Amfaninta gare mu a fili yake. Ba hayaƙin da zai shiga ƙirjin yaro. Ba harshen wutar da zai kama zana ko rumbu. Ba kwalbar kananzir da yaro zai sha bisa kuskure. Manomin albasa na Galmi, in yana ban ruwa da dare, zai ga maciji kafin ya taka shi.

Daga dangin sinadarin nan kuma aka samu ƙwaya mai hasken da ido ba ya gani, wato ultrabayolet. Da wani irinsa ake gane takardar kuɗi ta jabu. Mafi ƙarfinsa yana kashe ƙwayoyin cuta cikin ruwa, in ruwan garau yake. Amma yana ƙona ido da fata.

Mu kiyaye:
1. Farar fitilarmu ba ta tsabtace ruwa. Mu tace shi, mu tafasa.
2. Kada mu haska wa yaro fitila cikin ido.
3. Kada mu jefa mataccen batir kusa da rijiya.

Tambaya: wane launi ne ya daɗe yana gagarar masana?