DARASI: Wane Kamfanin POS Ya Dace Da Mai Sayar Da Ƙwai, Kaji Ko Kifi?



Duk wanda ya yi kasuwanci a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san abin da rashin tsabar kuɗi ya yi mana. Ƙwai ya taru a gonaki, mai saye na nan, amma babu kuɗi a hannunsa. Tun daga lokacin kati da transfa suka zama dole. Sai dai da yawanmu muna karɓar na'urar POS ne kawai don wani ejan ya kawo ta har gida. Kayanmu kuwa ba atamfa ba ne. Tarwaɗar da ka kwashe daga kwami ba ta jiran gobe, kaji kuma ba sa jiran kuɗi ya shigo kafin su ci abinci. To ga abin da za ka duba.

1. Yaushe kuɗin zai shiga asusunka?

Wannan ita ce tambaya ta farko. Wasu na'urorin, musamman na bankuna, sai washegarin ranar aiki kuɗin yake sauka. Ka yi ciniki ranar Juma'a da yamma, sai Litinin. Wasu kuma nan take. In kana sayar da ƙwai yau ka sayi buhun abinci da kuɗin gobe da safe, to ka nemi mai biya nan take, ko da cajinsa ya ɗan fi.

2. Caji: auna shi da ribarka, ba da farashin kaya ba

A jadawalin caje-caje da CBN ya fitar na 2020, cajin ɗan kasuwa a kan cinikin kati rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, kuma ba ya wuce naira 1,000. Mu ɗauki misali. A ce kiret ɗin ƙwai naira 5,000 ne, cajin naira 25 ke nan. Kamar ba komai ba. Amma in ribarka a kiret naira 250 ce, kashi 10 cikin ɗari na ribar ya tafi. Shi kuwa mai kifin da ɗan sari ya kwashe masa na naira 400,000 a lokaci guda, naira 1,000 kawai zai biya saboda iyakar. Wato mai sayar da ɗai-ɗai ya fi jin caji a jika.

Masu karɓar kuɗi ta intanet lissafinsu daban ne. Paystack, misali, yana cirar kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ana yafe ɗarin in cinikin bai kai naira 2,500 ba, kuma cajin ba ya wuce naira 2,000. Wannan ya fi dacewa da mai tura busasshen kifi Legas ko Abuja, ba mai sayarwa a ƙofar gona ba.

Ka kuma tambaya: na'urar saye ce ko haya? Akwai adadin cinikin da dole ka kai, in ba haka ba su zo su karɓe abinsu? Wannan yana da muhimmanci ga mai buroila, da sai bayan sati shida zuwa takwas yake ciniki.

3. In an ciri kuɗin kwastoma amma bai shigo maka ba fa?

Nan ne ake sanin kamfani. Na taɓa auna wa wani ɗan sari kifi, an zuba a robobi, aka sa kati. Shi alat ya zo masa an cire, ni kuma na'ura ta nuna ba a biya ba. Muka tsaya awa biyu cikin rana, kifi na galabaita, layin kamfanin babu mai ɗauka. Ranar na canza kamfani.

Umarnin CBN na 2020 ya ce a warware matsalar cinikin POS cikin awa 72. Amma kafin ka karɓi na'ura, kira layinsu ka gwada. Suna da wakili a garinku? Ka'ida ɗaya kuma: kar kaya ya fita sai ka ga kuɗin a naka asusun. Hoton risit a wayar mai saye ba shaida ba ce.

4. Sabis a gonarka

Gonaki da yawa a bayan gari suke. Na'urar da ke gudu a cikin kasuwa tana iya kwanciya a gonarka. Ka ari ta wani ka gwada a wurin, ka ga wane layi ne a ciki, kuma tana karɓar Verve, Mastercard da Visa duka.

5. Lasisi

Ko Moniepoint ne, ko OPay, ko PalmPay, ko bankinka, duba sunansa a jerin masu lasisi a shafin CBN, ka kuma tambayi inshorar NDIC. Ka nemi na'urar ɗan kasuwa, ba ta masu cire wa mutane kuɗi ba, don sharuɗɗansu sun bambanta. Kuma asusun ya kasance da sunan gonarka, ba na yaron da ke tsare maka ba. Rijistar CAC za ta sauƙaƙa maka wannan.

Shawarata: riƙe POS ɗaya, da lambar asusun wani banki daban a manne a bango. Ranar da ɗaya ya tsaya, ciniki ba zai tsaya ba.

Kai wanne kake amfani da shi, kuma yaya sabis ɗinsa a yankinku? Faɗa mana, wani zai amfana.

Allah ya sa wa kiwonmu albarka.