Rashin Jin Magana Ne, Ko Rashin Ji?

Darasinmu na wannan fitowa a kan dodon kunne ne, kuma wata ɗalibata ce sanadi. In na kira ta sai ta yi shiru, in ana biya karatu sai ta ƙura wa bakina ido. Har na fara ce mata mai taurin kai, sai ranar da na ga hijabinta ya jiƙe daidai kunne, yana wari. Ashe ta yi shekara kunnen yana zubar da mugunya.

Mene ne dodon kunne? 'Yar fata ce marar kauri a ƙarshen ramin kunne, faɗinta kamar santimita 1. In sauti ya shiga sai ta kaɗa kamar fatar ganga. Motsin ya bi ta wasu ƙananan ƙasusuwa 3 zuwa can cikin kunne, jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ita ce kuma ƙyauren da ke tare ruwa da datti.

Me ke huda ta?

1. Mura. Akwai 'yar hanya daga bayan hanci zuwa bayan dodon kunne, kuma ta yara gajeriya ce. Ƙwayoyin cuta kan bi ta, mugunya ta taru. Yaro ya kwana yana kuka da zazzaɓi, in fatar ta fashe sai zafin ya lafa, ruwa ya fara zuba. Uwa ta ce ya samu sauƙi, alhali huda ce ta samu.

2. Sakace kunne da tsinke, ashana ko gashin kaza. Ko tsinken auduga na kanti tura dauɗa yake yi ciki.

3. Mari. Iskar tafin hannu kaɗai ta isa ta fasa fatar. Mu iyaye da malamai mu ji tsoron Allah, addininmu ma ya hana dukan fuska.

Ƙaramar huda takan toshe da kanta cikin makonni, in dai kunnen ya zauna a bushe. To, a nan gizo ke saƙa. Mu mutanen Bunkure da Kura, ruwan Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, yana ratsa gonakinmu rani da damina, yaranmu kuwa a magudanan suke wanka. Duk nutson da yaro mai hudajjen kunne ya yi, ciwon sabo yake komawa.

Don haka 'yar'uwa, ki hana shi iyo. Ki murɗa ƙyalle mai tsabta ki riƙa tsane ruwan a bakin kunne. Kada ki ɗiga manja, turare, nono ko ruwan ganye. A alwala ma shafa ake yi, ba zuba ruwa ba. Ki kai shi asibiti da wuri. In zubar ta wuce mako 2, ki nemi a tura ku wajen likitan kunne, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In bayan kunne ya kumbura, ko wuya ya sanƙare, kada ku kwana a gida, don ciwon yakan kai ƙwaƙwalwa.

Ɗalibata kuwa an kai ta asibiti, kunnen ya bushe, na dawo da ita sahun gaba. Amma har yanzu sai ta juyo da ɗaya kunnen in zan yi mata magana. Kafin ki ce yaronki ba ya jin magana, ki fara duba ko yana ji. Allah Ya kare mana zuri'a, amin.