Alƙalamin Kakanka Ba Na Zamanin Jihadi Ba Ne

Kusan duk wanda ya kawo mini tsohon alƙalami mai shan tawada, daga Birnin Kebbi ko Argungu, da labari biyu yake zuwa: wai tun zamanin Malam Abdullahi na Gwandu yake a gidansu, kuma wai cikinsa zinari ne zalla. Na gaji da jin wannan. Malaman wancan zamani da kara suke fere alƙalaminsu, su tsoma a tawada. Alƙalamin da ke riƙe tawada a cikinsa bai zama abin dogaro ba sai bayan da Waterman ya fito da nasa a Amurka a 1884, kuma Turawa ba su ci Sakkwato ba sai 1903. Abin da ke cikin adakar gidanku, galibi na wani malamin makaranta ne, ko alƙali, ko akawun En'e, daga wajen 1940 zuwa 1970. Wannan ma tarihi ne, ba abin raini ba.

Duba jikinsa da murfinsa a hasken rana, za ka ga sunan kamfani da ƙasar da aka ƙera shi. Irin waɗanda suka shigo ta hannun Ingila su ne Parker, Conway Stewart, Swan da Platignum na 'yan makaranta. In ka ga Made in West Germany, to tsakanin 1949 da 1990 ne, ba gardama.

Sai yadda yake shan tawada. Mai ɗan ƙarfe a gefe da ake ɗagawa da farce, fasahar Sheaffer ce ta 1908, an kuwa daɗe ana yin irinsa, don haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Parker 51, mai bakin nan da ke ɓoye sai tsini, ya fito a 1941. Nau'insa da ake matsa ƙarfe a cikinsa don ya zuƙi tawada kuwa daga 1948 ne. Parker 45 mai ɗaukar kwanson tawada na roba, 1960. Kamfanin Parker ya ma sauƙaƙa mana: a tsoffinsa na Amurka akwai lamba guda ta shekara da ɗigo-ɗigo kusa da ita, ɗigo uku farkon shekara, babu ɗigo ƙarshenta. Daga wajen 1980 kuma harafi suke sawa, Q na nufin 1980, U 1981. Amma a kula, yawancin abin da ake ce mini Parker 51 ne, Hero 616 ne na Sin, wanda ya kwaikwayi siffar Parker ɗin. Karanta sunan kafin ka fara lissafin kuɗi.

Yanzu batun da ke ɓata mini rai. Kada ka cire bakin alƙalami ka kai wa masu sayen zinari. Na ce kada. Bakin da aka rubuta wa 14K ko 585 zinari ne, gaskiya, amma ɗan fiye da rabinsa ne kawai zinarin, kuma duka nauyinsa da wuya ya kai giram ɗaya. Wanda aka rubuta wa Iridium Point Germany ƙarfe ne aka shafa wa ruwan zinari, bai ma tabbata daga Jamus yake ba. Murfi mai walƙiya kuma yawanci shafe ne a kan tagulla. Sai ka ga mutum ya sa filaya ya fizge bakin, ya tsaga wuyan alƙalamin, an auna an ba shi kuɗin cefane, ya dawo da gangar jikin yana tambayar nawa za a saya. Babu mai saya. Darajarsa a cikarsa take, kuma bakin nan yana cikin shaidun da ake gane shekarunsa da su.

Masu gwaji ma suna nasu ɓarnar. Tawadar allo da aka haɗa da ƙaro tana toshe hanyar tawada ta daskare a ciki. Ruwan zafi, kananzir da fetur suna cinye jikin alƙalami. In baƙi ne da ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, kuma in ka murza shi da yatsa ka ji warin taya, to tsohuwar roba ce mai tauri, irin wadda aka fi amfani da ita kafin wajen 1925; wannan ko jiƙa shi a ruwan sanyi bai kamata ba. In ƙarfen gefen ya ƙi ɗagawa, jakar robar ciki ce zafinmu ya busar, kada a tilasta.

Mu dai ba mu iya adana ba. A Argungu, gidan sarautar da aka gina a 1831 shi ne yau Gidan Tarihi na Kanta, amma takardun iyayenmu gara ke ci a ɗaki. Nemi takardar kama aikin mai alƙalamin, ko hotonsa da shi maƙale a aljihu, ka tambayi tsofaffin gida shekarar da ya fara aiki, ka rubuta a takarda. Sannan ka naɗe alƙalamin a ƙyalle, ka ajiye su tare inda rana ba ta kaiwa.